Tafintan da Ke Cikin Kaina

Da sunan Allah nake farawa, a gare Shi nake neman tsari.

Daga mahaifinka Ɗahiru, a Karaye, zuwa ga ɗana Abba, a gidan kawunsa a Rogo. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa. Ina fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da kawunka da iyalinsa baki ɗaya. Allah Ya tsare ka a zaune, Ya tsare ka a tafe.

Bayan haka, yau kwana goma sha ɗaya ke nan da ka zo ka durƙusa a zauren gidan nan, ka ce kana neman izinina za ka bi ayarin masu tafiya Makka a ƙasa. Ban ba ka amsa ba. Na ce maka na ji, na ci gaba da jan carbina. Ka daɗe a durƙushe, sannan ka ɗauki takalmanka ka fita. An gaya mini madugunku ya sa ranar tashi, washegarin kasuwar Rogo mai zuwa, kuma ka ce wa kawunka ba za ka ɗaga ƙafa ba sai da yardata, ko da ayarin zai tafi ya bar ka. To, amsa tana cikin takardar nan, amma sai ka yi haƙuri ka biyo ni ta doguwar hanya. Kai ɗan fari ne, ka kuma san yadda muke. Ban taɓa zaunar da kai na yi maka doguwar magana ido da ido ba, ba kuma zan iya farawa yanzu da furfura ba. Takarda ba ta kallon mutum, shi ya sa na zaɓe ta.

Ba nisan hanyar ne ya tsaya mini a rai ba, ko da yake na san mutanen da suka tafi da ƙuruciyarsu, suka tsaya noman auduga a ƙasar Sudan don su haɗa guzuri, har yau ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Dalilin da ka bayar ne ya tsaya mini. Ka ce, "Baba, ko raka'a biyu ba na idarwa da hankalina a jikina. In na zauna wuridi, bakina yana ambaton Allah, kaina yana kasuwa yana yankan yadi. Ina ganin in na tsaya gaban Ɗakin Allah zai kwanta." Da ka faɗi haka sai na ji kamar ni ne na koma saurayi nake magana. Wannan ciwon a wurina ka gaje shi, kamar yadda ka gaji dogon wuyana. Ban bar maka gona mai yawa ba, ban bar maka suna a garin nan ba. Abin da na sani game da wannan ciwon shi kaɗai ne abin da nake da shi, kuma da kuskure na saye shi.

Ka san an kai ni makarantar Turawa a birni ina yaro, a lokacin da mutane suke ɓoye 'ya'yansu a rumbu in an zo ɗiba. Na yi ƙoƙari, har aka riƙa tsayar da ni gaban baƙi in yi karatu su gyaɗa kai. Daga nan aka ba ni aikin tafinta, ina bin Di'o rangadi gari gari. Aikin tafinta shi ne kada ya bar magana ta sauka ƙasa. Tun tana bakin mai ita kake tararta, ka juya ta, ka miƙa, kafin ka gama wata ta taso. Ba a yarda ka tsaya ka ji nauyinta ba. Shekara ashirin da wani abu na yi ina wannan, kuma ina alfahari da shi. Babu wanda ya gaya mini cewa kan da aka koya wa wannan gudun ba ya tsayawa don an sallami mai shi.

Sallamar kuwa ka ji ta a bakin mutane, bari ka ji ta a bakina. Wani sabon Bature ne ya zo da Hausarsa ta littafi, ya ce ba ya bukatar a fassara masa. Ya tara dagatai a gaban bariki, ya yi musu jawabi kan noman gyaɗa, da zai rufe ya so ya yi musu addu'ar ƙaruwa. Harshensa bai iya ƙa ba. Ya ce Allah Ya ba kowannensu karuwa a bana. Dattawan nan suka sunkuyar da kai suka ce amin, ko gemu ɗaya bai motsa ba. Ni kaɗai ne wawan da ya buɗe baki ya gyara masa a gaban jama'a. Kafin wata ya ƙare aka miƙo mini takarda, an gode da aikina. Na dawo Karaye da akwati ɗaya da ƙamus. Turawa sun gama da ni, mutanenmu kuma ba su taɓa farawa da ni ba. In na zo majalisa sai hira ta canja, wai kada a faɗi abin da zai kai bariki. Malamai suna amsa gaisuwata da gefen baki. Har yau haka ne, ka gani da idonka.

A wannan halin na je na karɓi wuridi a hannun Malam Jibo, badukun nan na kasuwar Rogo, Allah Ya jiƙansa. Ba ka san shi sosai ba, kana ƙarami ya rasu. Muƙaddami ne, mai ba da wuridin ɗarika, amma in ka gan shi tsakanin fatu da basilla ba za ka ce ya san wani abu ba. Ni ma haka na ɗauka. Na je wurinsa ne don shi kaɗai ne bai tambaye ni labarin Turawa ba.

Kuskurena na farko shi ne irin wanda kake shirin yi. Na ce hayaniyar gari ce ta hana ni natsuwa: jakuna, masu talla, kallon da ake yi mini. Sai na ɗauki buzuna da buta da ɗan gari, na tafi bukkar gonarmu ta Tudun Kaya bayan an gama girbi, na ce zan shiga halwa kwana bakwai. Malam Jibo bai ba ni izini ba, ban ma tambaye shi ba. Babu kowa a wurin sai kara da kurciya. Abba, ban taɓa shiga kasuwa mai cika irin wadda na tarar a bukkar nan ba. Da na rufe ido sai ga Baturen nan, sai ga dagatai, sai ga ni ina mayar masa da magana, wadda ya kamata in faɗa ranar ban faɗa ba. In na kayar da shi sai a sake shari'ar daga farko. Ran kwana na huɗu, da hantsi, na kama kaina ina istigfari da baki, a cikin kaina kuma ina juya shi zuwa Turanci, har ina auna wace kalma ce ta fi dacewa da gafara. Na ajiye carbin na yi ta kallon hannuna. Washegari na naɗe buzu na dawo gida, na ce wa mahaifiyarka zazzaɓi ne ya koro ni.

Saboda haka ka sani tun yanzu, kasuwar da kake gudu ba a Rogo take ba. Za ta hau jaki tare da kai, ta sauka a kowane zango, ta haye ruwa tare da kai. Wani da ya je ya dawo ya taɓa gaya mini, yana tsaye gaban Ɗakin Allah, hawaye yana zuba, amma rabin hankalinsa yana kan takalmansa da ya bari a ƙofa. Ya faɗa yana dariya, ni ban yi dariya ba. In za ka tafi, ka tafi don Allah Ya kira ka, kada ka tafi neman magani. Wanda ya je neman magani bai samu ba yakan dawo da wani ciwon da ya fi na farko, ya fara zargin cewa Allah ne ba Ya son sa.

Da na dawo daga halwar sai na ce to, tun da gudu bai yi ba, sai yaƙi. Na kafa wa kaina doka irin ta makaranta: duk lokacin da wani tunani ya shigo mini a tsakiyar wuridi, sai in koma farkon carbi in sake. Haka aka yi mana a aji, in ka ɓata layi ɗaya a yage shafin. Sai ya zama abin da mutane suke gamawa kafin rana ta fito, ni ina kansa har inuwa ta gajarta. Ina cije haƙora, jijiyar wuyana tana tashi, ina gadin kaina kamar dogari a ƙofa. Kuma gadin nan shi kansa tunani ne, sai in sake komawa farko saboda shi. Wata safiya na fizgi carbin da ƙarfi har zaren ya tsinke, 'ya'yan suka watse a tsakar ɗaki. Kai ne ka yi rarrafe ka ɗauki ɗaya za ka sa a baki, mahaifiyarka ta ƙwace.

Kada ka taɓa komawa farko don hankalinka ya fita. In ka farga ka tafi, ka dawo daidai kan ɗan carbin da yatsanka yake, ka ci gaba. Fargar nan ita ce abin da ake nema, ba laifi ba ce da za a yi wa bulala. Na ɓata shekara uku kafin in san wannan, kuma ba ni na gano shi ba.

Ran kasuwar da ta biyo baya na tafi Rogo da 'ya'yan carbin a ƙulle cikin ƙyalle, don Malam Jibo ya shirya mini su a sabon zare. Yana ganina ya ce, "Tafinta, yau kuma wace ƙara aka kawo?"

Na ce, "Allah gafarta Malam, zare ne ya tsufa."

Ya juya guntun zaren a hannunsa, ya ce, "Wannan zaren ni na murza shi bara. Ko akuya aka ɗaure da shi sai ta haƙura. Zauna."

Na zauna a kan wata fata, na gaya masa duka, har da halwar da na ɓoye masa. Bai ɗago kai ba, yana ta zura 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya. Da na gama ya ce, "Cikin masu zuwa maka ɗin nan, wa ya fi naci? Ba wanda ya fi surutu ba. Wanda in kowa ya watse shi yana nan."

Ban taɓa gaya wa kowa ba sai shi, yau kuma sai kai.

A shekarun da nake ganin babu kamata, mun je wani ƙauye a gefen Falgore, za a fitar da burtali, hanyar da shanu za su riƙa bi zuwa ruwa. Hanyar da aka zana ta ratsa fadamar wani tsoho, inda yake rake da albasa. Baturen da nake bi lokacin ba mugu ba ne, gaskiya sai a faɗe ta. Ya ce in bayyana wa tsohon, in tambaye shi ko ya yarda. In bai yarda ba za a zagaya ta tudu, ko da yake ya fi nisa kuma sai an sake awo. Na bayyana masa. Tsohon ya saurara har na gama, yana durƙushe, yana kallon ƙasa. Sannan ya ce, "Na ji."

Babu Bahaushen da bai san abin da wannan take nufi ba. Talaka ba ya ce wa mai iko a'a. In ya ce ya ji, ya tsaya nan, to ya gaya maka duk abin da zai iya gaya maka. Ni ma na sani. Amma rana ta take, saura ƙauye uku a gabanmu, kuma hankalina ya riga ya yi gaba, yana can yana tsara yadda Baturen zai rubuta cewa tafintansa ba ya ɓata lokaci. Baturen ya ce, me ya ce? Na ce ya yarda. Aka kawo takarda, aka shafa wa tsohon tawada a babban yatsa, ya dangwala, yana zaton shaida ce cewa an gaya masa. Damina na zuwa shanu suka bi ta kan rakensa. Daga baya na ji ya kwashe iyalinsa ya yi kudu. Sunansa ma ban riƙe ba. Abin da na riƙe shi ne wata tsaga da ke yatsan nasa, wadda ta fito fara a tsakiyar tawadar.

Malam Jibo ya ƙulla zaren, ya datse shi da haƙori. Sannan ya ce, "Magana biyu ce a nan, kada ka haɗa su. Ta farko, kai da ka san bambancin na ji da na yarda fiye da kowa, me ya sa kake yi wa kanka irin tafintan da ka yi wa tsohon nan? Tunani ya zo maka, kafin ya rufe baki ka ce an yarda, ka tashi ka bi shi har bariki. In ba haka ba kuma ka ɗauko masa sanda. Hanya biyu kawai aka koya muku a makarantar?"

Na ce, "Akwai ta uku ne, Malam?"

Ya ce, "Wadda kowane talaka ya iya tun ba a haife ka ba. Mai doki ya zo da maganarsa, ka saurara, ka ce ka ji, ya wuce, ka koma kan kunyarka ka ci gaba da noma. Ba ka bi shi ba, ba ka yi faɗa da shi ba. In Baturenka ya zo gobe da asuba, ka ce masa ka ji. Zai sake zuwa, ka sake ce masa ka ji. Mai doki ba ya son tsayawa inda ba a tanka masa."

Na ce, "Ta biyun fa?"

Ya ce, "Tsohon nan ba waswasi ba ne. Haƙƙi ne. Shi ba a sallamarsa da na ji. Tashi ka nemo shi."

Ya miƙo mini carbin, ya ƙara da cewa, "Wannan karon in ka tsinka, ka kai wa Bature ya ɗinka maka."

Na nemi tsohon. Rani biyu ina bin ƙauyukan kudu da Falgore a ƙasa, ina tambayar mutumin da ban san sunansa ba. Wasu suka ɗauka leƙen asiri nake yi wa Turawa, suka ba ni ruwa suka nuna mini hanya. Ban same shi ba. Na je na tsaya a burtalin, babu alamar an taɓa shuka wani abu a wurin, sai sawun kofato. Tun daga lokacin kullum ina sa shi a addu'a, ina cewa mai tsagar yatsa, Allah Ya san wanda nake nufi. Bai daina zuwa ba, amma yanzu in ya zo yakan zauna ne kawai.

Don haka ka riƙa tantance baƙinka. Yadin da ba ka yanka ba, da maganar da wani ya faɗa maka a kasuwa, da abin da za a ci a zango na gaba, waɗannan ka ce musu ka ji, ka koma kan sunan da kake ambata. Amma in akwai wanda yake dawowa shiru, ba ya gardama, ba ya tafiya, to ka duba ko akwai wanda ka zalunta. In akwai shi a Rogo, ka je ka same shi kafin ku tashi. Kada ka ce sai ka dawo. Mutane suna ƙaura.

Saura wanda ya fi mini wuyar rubutawa. Na ajiye alƙalami sau biyu kafin in fara shi.

Duk shekarun nan da nake fama da kaina a kan buzu, na ɗauka natsuwa abu ne da ke tsakanina da Allah kawai, sauran yini kuma nawa ne in yi ta shari'ata. Mahaifiyarka takan kawo mini fura bayan la'asar, ta zauna a bakin ƙofa tana ɓarar gyaɗa, tana ba ni labari: akuya ta haihu, rijiya ta ja baya, ka fara cewa kaza. Ni kuwa ina cewa uhm, ina can wani wuri. Wata rana ta yi shiru a tsakiyar magana, sai da na ɗago. Ta ce, "Malam, jikinka dai ya dawo Karaye, amma kai har yanzu kana rangadi. In ka sauka ka aiko a gaya mini, in ɗora ruwa." Ta faɗa da murmushi. Na ji haushi, na ce mata ba ta san abin da ke damun maza ba.

A daminar da ta rasu, sau uku tana gaya mini gefen cikinta yana ciwo. Goggonka ce ta tuna mini daga baya, ta ce a gabanta aka yi biyu. Ni ban tuna ko ɗaya ba. Na san likita a birni, na san yadda ake magana da su, abin da ba kowa ya sani ba a garin nan. Ilmin da ya raba ni da mutane, ranar da zai yi mini amfani guda ɗaya ba na nan. Ba na cewa da ta rayu, kwana na Allah ne. Ina cewa ta yi magana ban ji ba.

Ga abin da ya fi ci mini rai. Yanzu da kaina yake ɗan lafawa, nakan nemi muryarta. Muryar Baturen da ya kore ni ina da ita har da yadda yake gyaran murya kafin ya yi magana. Tata babu. Na san kalmomin da ta faɗa, amma da muryata nake jin su. Shekara goma sha tara muna tare.

Abba, mutumin da bai iya sauraron wanda ke zaune a gabansa ba, ba zai iya sauraron komai a kan buzu ba. Kan mutum ɗaya ne. A hanya za ka haɗu da tsofaffi masu maimaita labari ɗaya, da masu ƙorafin ƙafa, da wanda zai gaya maka sunayen 'ya'yansa sau goma. Ka saurare su har su kai aya, kada ka riƙa shirya amsa tun suna magana. In Allah Ya ba ka mata, a can ko a nan, ta zauna tana ba ka labarin akuya, ka ajiye abin da ke hannunka. Wannan ma wuridi ne, kuma ya fi wancan saurin wucewa.

Sauran ƙanana ne, amma ka riƙe. Kada ka zauna ambato da cikakken ciki, kada kuma ka zauna da yunwar da za ta riƙa yi maka magana. Ka rage goro, na ga haƙoranka. Ka sassauta muƙamuƙinka da kafaɗunka kafin ka fara, mu mutanen gidan nan da su muke faɗa. Ka bar numfashinka ya fita duka kafin ka ja wani. In kuna tafiya, ka haɗa ambaton da takunka, ƙafa tana riƙe hankali fiye da yadda zama yake riƙe shi. Ran da ka ɗanɗana natsuwa, kada ka ba kowa labari, kada kuma ka zauna gobe kana jiran ta dawo. Ni na taɓa samun safiya uku a jere, na je ina yi wa wani maƙwabci wa'azi a kai, ban sake ganin irinsu ba sai bayan shekara.

Kada ka ɗauka mai wannan takarda ya isa wani wuri. A cikin ɗari nakan sami bakwai ko takwas da nake nan da gaske. Wata rana ko ɗaya babu. Tafintan yana nan, ya tsufa ne kawai, yana yawan gyangyaɗi. Amma bakwai ɗin nan sun fi mini duk abin da aka koya mini a birni.

Yanzu ga maganarka.

Tun ranar da ka fita daga zauren nan ban sami ko ɗaya daga cikin bakwai ɗin ba. Kai ne a kowane ɗan carbi. Na gwada sallamarka yadda nake sallamar sauran, ka ƙi tafiya. Na zauna na tara hujjoji, kuma ka san na iya: hanya ba ta da aminci, ba ka yi aure ba, hajji bai wajaba a kan wanda ba shi da hali ba, uba yana da iko ya hana. Duk gaskiya ne, babu malamin da zai kayar da ni. Sai shekaranjiya da safe, ina alwala, na ga a fili cewa ba ɗaya daga cikinsu da ya dame ni. Abin da nake so shi ne in na yi tari a ɗaki a sami wanda zai ce sannu, in an ɗauke ni kuma a sami nawa a gaban makara. Kai kaɗai ka rage mini wanda in ya shigo ba ya canja hira. Wannan bukatata ce, ba taka ba. Na riga na sa mutum ɗaya ya dangwala hannu a kan abin da bai so ba don sauƙin kaina. Ba zan ƙara da ɗana ba.

Ka tafi. Na ba ka izini, na sa maka albarka, na yafe maka abin da na sani da wanda ban sani ba. Ba zan ce da zuciya ɗaya ba, don ba na so in yi maka ƙarya a takardar ƙarshe, amma izini ne cikakke, babu sharaɗi a cikinsa. Kai ma ka yafe mini shirun da ka taso a cikinsa. Ba ƙi ba ne. Ban san yadda ake fitowa ba ne.

Abu ɗaya nake roƙo. Na san hanyarku ta bayan garin nan za ta bi. Kada ka ratso yi mini sallama. Na san kaina. In na ga ka sunkuyo ta ƙofar zauren nan da jakar tafiya a kafaɗa, zan janye duk abin da na rubuta, kai kuma za ka ajiye jakar, ka zauna, ka yi shekaru kana kallona kana tuna abin da na hana ka. Goggonka za ta tsaya a bakin hanya da ƙuli-ƙuli da dakuwa, ka karɓa, ka bar ta ta yi kukanta. Ni zan bar gari tun jajibirin tashinku, ban kuma gaya wa kowa inda za ni ba, don kada a nuna maka.

In ka sami mai dawowa, ka aiko da layi biyu, ko da ba labari a ciki, in ga hannunka kawai. In Allah Ya dawo da kai ka tarar da ni, to, alhamdu lillahi. In ba ka tarar ba, na riga na yi magana da liman, kusa da mahaifiyarka ne, ta gefen gabas. Ka zo ka zauna kaɗan. Ba sai ka ce komai ba.

Allah Ya buɗe maka hanya, Ya sassauta maka rana, Ya haɗa ka da abokan tafiya nagari. Ya tsare ka daga ɓarayi da ciwo da ƙishirwa, Ya haye da kai ruwa lafiya. Ya kai ka inda ka nufa, Ya karɓa, Ya ba ka natsuwar da ta fi tawa. Ka gaishe da kawunka, ka ce na gode da riƙo.

Ni ne mahaifinka,
Ɗahiru, Karaye.